Jiragen ruwan alfarma masu cin dogon zango: yadda man da ke tanki ke iyakance inda za su kai

A watan Afrilun 2022 wani jirgin ruwan alfarma mai suna Amadea, mai tsawon mita 106, ya iso tashar Lautoka a ƙasar Fiji bayan kwana 18 yana keta Tekun Fasifik daga gaɓar Meziko. Amurka ta ce jirgin mallakin attajirin Rasha Suleiman Kerimov ne, wanda ta ƙaƙaba wa takunkumi, ta kuma nemi a riƙe shi. Tafiyar ta kai kimanin mil 5,000 na teku. Ba kowane jirgin shaƙatawa ne zai iya irin wannan ba, kuma abin da ya bambanta su shi ne zangon mai, wato nisan da jirgi zai ci da man da ya ɗauka kafin ya sake neman tasha.

Yadda ake auna zango

Matuƙa jirgin ruwa na auna nisa da mil na teku, wanda ya yi daidai da kilomita 1.852, gudu kuma da yawan irin wannan mil a sa'a guda. Lissafin ba shi da wuya: a raba man da ke tanki da abin da inji ke sha a sa'a, sai a ninka sa'o'in da gudun jirgi. A misali, jirgi mai lita 10,000 na man dizal, da ke shan lita 20 a sa'a yana gudun mil 8, zai yi sa'a 500 a kan ruwa, ya ci mil 4,000. Sai dai babu kyaftin mai hankali da zai ƙarar da mansa ƙaf. Bisa al'ada akan ware aƙalla kashi 10 cikin ɗari saboda halin ko-ta-kwana, abin da ya rage zangon zuwa mil 3,600.

Ana gwada wannan adadi ne da tazarar da ke tsakanin tashoshi. Daga tsibiran Kanari zuwa yankin Karibiyan, hanyar da aka fi bi wajen tsallake Atlantika, akwai kimanin mil 2,700. Daga Kalifoniya zuwa Hawai kimanin 2,200 ne, daga tsibiran Galapagos zuwa na Markesas kuwa kusan 3,000. A duk waɗannan hanyoyi babu inda za a tsaya a sha mai.

Dalilin da ya sa gudu ke cinye zango

Jiragen ruwa masu inji sun kasu manyan gida biyu. Akwai waɗanda ke tashi saman ruwa idan sun ɗauki gudu, suna da sauri amma suna kwankwaɗar mai, shi ya sa ba sa nisa da gaɓa. Akwai kuma masu nauyi, waɗanda gangar jikinsu ke nutse cikin ruwa tana ture shi gefe. Waɗannan ne ke tsallake teku.

Jirgi mai ture ruwa yana da iyakar gudu da tsawonsa ya gindaya masa, domin yana haifar da igiyar ruwa a gaba da baya, kuma idan ya matso iyakar sai ya zama kamar mai hawan tudun da shi ya tara. Mai tsawon mita 15 a kan ruwa iyakarsa kusan mil 9 ne a sa'a, mai mita 30 kuwa kusan mil 13. Bugu da ƙari, ƙarfin da inji ke buƙata yana hauhawa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: a ƙiyasi, ninka gudu sau biyu na neman ƙarfi sau takwas. Idan jirgin misalin da ya gabata ya ƙara gudu daga mil 8 zuwa 10, shan mansa zai kusan ninkawa zuwa lita 39 a sa'a, zangonsa ya faɗo daga mil 4,000 zuwa kusan 2,560. Ƙarin mil biyu a sa'a ya isa ya hana shi kaiwa Karibiyan.

Saboda haka adadin zango da kamfani ya rubuta ba shi da ma'ana sai an faɗi gudun da aka auna shi a kai. Akwai kuma abubuwan da takardar talla ba ta cika ambata ba: iska da igiyar ruwa masu tahowa ta gaba, dattin da ke manne wa gindin jirgi, da janaretocin da ke kunna na'urar sanyaya ɗaki da ta tace ruwan sha dare da rana. Man shi kansa kaya ne, tun da lita 10,000 na dizal ta haura tan takwas.

Ƙananan jirage ne suka share fage

Tsallake teku da ƙaramin jirgi mai inji ya samu karɓuwa ne ta hannun Robert Beebe, tsohon hafsan sojan ruwan Amurka, wanda ya ƙera jirginsa Passagemaker mai tsawon kusan mita 15 a Singafo a 1963. Littafinsa Voyaging Under Power na 1975 ya shimfiɗa ƙa'idar da har yau ake bi: ƙaramin inji, babban tanki, tafiya a sannu. Tsakanin 2001 da 2002 wani jirgin kamfanin Nordhavn mai tsawon mita 12 ya zagaya duniya, sannan a 2004 kamfanin ya jagoranci ayarin jirage 18 daga Fulorida zuwa Jibralta, suka yada zango a Bamuda da tsibiran Azores. Ƙa'idar ba ta sauya ba ko a manyan jirage. Idan aka raba tafiyar Amadea da kwanakinta, za a ga bai wuce mil 12 a sa'a ba.

Inda zango ya zama batun siyasa

Bayan Rasha ta kutsa Yukren a Fabrairun 2022, ƙasashen Yamma sun shiga farautar kadarorin attajiran da ke kusa da fadar Kremlin. A lokacin, zangon mai ne ya tantance jirgin da zai iya kaiwa ƙasar da ba ta aiwatar da takunkumin. Solaris da Eclipse na Roman Abramovich sun isa Turkiyya a watan Maris, Nord da ake dangantawa da Alexei Mordashov ya tashi daga Seychelles ya kai Vladivostok. Amadea bai tsira ba: Kotun Ƙolin Fiji ta ba Amurka damar tafiya da shi a watan Yuni, aka kai shi San Diego, duk da cewa wani attajirin Rasha, Eduard Khudainatov, ya yi iƙirarin shi ne mai jirgin. Shi kuwa Ragnar makonni ya kwashe a tashar Narvik ta Norway, ba don an kama shi ba, sai don dillalan garin sun ƙi sayar masa da mai.

Najeriya ma ta taɓa shiga irin wannan labari. A Yulin 2017 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta shigar da ƙarar neman ƙwace kadarori na dala miliyan 144, ciki har da Galactica Star, jirgi mai tsawon mita 65 da kamfanin Heesen na Holan ya ƙera a 2013, wanda aka ƙiyasta a dala miliyan 80. Ma'aikatar ta yi zargin ɗan kasuwa Kolawole Aluko ya saye shi da kuɗin kwangilolin man fetur da aka samu ta hanyar ba tsohuwar ministar mai Diezani Alison-Madueke cin hanci, zargin da ta musanta. A Janairun 2025 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar maido wa Najeriya dala miliyan 52.88 daga waɗannan kadarori, aka ware miliyan 50 domin samar da wutar lantarki a karkara ta hannun Bankin Duniya.

Abin da masu bin diddigi ke dubawa

Gida ba ya motsi, amma jirgi mai dogon zango kadara ce da ke iya ficewa daga hurumin kotu cikin dare ɗaya. Duk da haka yana barin sawu. Manyan jirage na ɗauke da na'urar AIS mai sanar da inda suke, kuma kowa na iya bibiyar ta a intanet. Idan aka kashe ta, 'yan jarida da jami'an bincike kan koma ga lissafi: tashar ƙarshe da jirgin ya sha mai, girman tankinsa da gudun da ya saba yi. Daga nan ake zana da'ira a taswira, a jera tashoshin da suka faɗa cikinta, a fara tuntuɓar dillalan mai da hukumomin kwastan na kowace.