Kalmar "Bariki": Asalinta da Sauyin Ma'anarta

Kalmar bariki ararriya ce daga Ingilishi, wato barracks. Sai dai su ma Turawan Ingila aro suka yi. A ƙarshen ƙarni na 17 suka ɗauko ta daga Faransanci, baraque, wadda ta samo tushe daga barraca ta mutanen Sifen. Ma'anarta ta farko ita ce bukka ta wucin gadi, irin wadda soja kan kafa a bakin daga. Daga baya ne ta koma nufin ginin dindindin na sojoji.

Ta hanyar aikin soja kalmar ta shigo Hausa. A 1863 John Glover ya kafa wata runduna a Ikko da masu jin Hausa, akasarinsu bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. A 1879 aka kafa irinta a Gwalkwas, Gana ta yau, kuma Salaga, kasuwar goro da bayi, tana cikin wuraren da aka riƙa neman kurata. Da yake Hausa ba ta ƙare kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai harafin s ya faɗi, wasalin i ya rufe kalmar.

Abin lura shi ne, da yawa daga "Hausawan" rundunar ba Hausawa ba ne. Mutanen arewacin ƙasar, har da na yankin Bawku da Zebilla inda Kusal ne harshen gida, da na Yendi masu jin Dagbani, a bakin aiki da kasuwa suka tsinci Hausa. Sauƙaƙƙiyar Hausar da ta haɗa sojoji ita ake kira Barikanci.

A ƙasar Hausa kuwa ma'anar ta yi ta faɗaɗa. Masaukin da Bature kan kwana in ya fita rangadi, bariki ne. Unguwar ma'aikatan gwamnati a bayan ganuwa, ita ma bariki ce. Da yake wuri ne da idon iyaye da na mai unguwa ba ya kaiwa, sai kalmar ta ɗauki nauyin tarbiyya. Idan aka ce wance ta shiga bariki, ba a nufin ta shiga soja. Ana nufin ta bar gida ta kama zaman kanta. Ɗan bariki kuma mai wayo ne wanda idonsa ya buɗe, yabon da rabinsa zagi ne. Wannan ma'ana ta ƙarshe babu ita a Ingilishi ko kaɗan, Hausa ce ta ƙirƙire ta.