Siginar lokaci ta gajeren zango da yadda lokacin agogo ya iso Imanan

Siginar lokaci ta gajeren zango sauti ne da wasu tashoshin rediyo ke watsawa dare da rana, ba labarai ba kiɗa, sai bugun sakan da faɗin ƙarfe nawa. Matuƙan jiragen ruwa da masu nazarin taurari ne suka fara buƙatarta, daga baya injiniyoyi suka koya wa kwamfuta sauraronta. A Imanan da maƙwabciyarta ƙasar Kurfai, a yankin Filinge na jihar Tilaberi, lokacin agogo ya iso ne ta bakin mutum: muryar mai gabatar da shiri yana cewa ƙarfe kaza agogon GMT, ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar.

Asali

A 1884 taron ƙasashe a Washington ya ɗauki layin da ya ratsa Greenwich, kusa da Landan, a matsayin mafarin awon doron ƙasa. Saura yadda za a kai lokacin Greenwich, wato GMT, ga wanda ke tsakiyar teku. Sojojin ruwan Amurka sun fara aika siginar lokaci ta rediyo a 1905, hasumiyar Eiffel ta Paris ta bi sahu a 1910. Ranar 5 ga Fabrairu 1924 BBC ta fara watsa ɗan fiton nan guda shida da ke nuna cikar awa, bisa shawarar Frank Dyson, babban masanin taurarin Ingila.

Tashar WWV ta Amurka ta fara watsa awon zango a kai a kai a 1923, ta ƙara faɗin lokaci da murya a 1950, sannan ta koma Fort Collins a jihar Kolorado a 1966. Tana fita a megahaz 2.5, 5, 10, 15 da 20. Ƴar'uwarta WWVH ta tsibiran Hawai tana raba wasu zangunan da ita, shi ya sa ɗaya ke magana da muryar namiji, ɗayar da ta mace. Kanada ta kafa CHU kusa da Ottawa, Rasha tana da RWM kusa da Mosko, Sin tana da BPM. Babu ko ɗaya daga cikinsu a Afirka ta Yamma, kuma wannan rashi ne ya tsara duk abin da ya biyo baya a Sahel.

A 1955 Louis Essen ya haɗa agogon atom na sisiyom a Ingila. A 1967 aka daina auna sakan da tafiyar duniya a kewayen rana, aka ce shi ne kaɗawa 9,192,631,770 ta wannan atom. Tun 1972 ma'aunin duniya shi ne UTC, ko da yake masu sauraro a ƙasar Hausa har gobe GMT suke cewa.

Rana da agogo a Dallol Bosso

Kafin rediyo mutanen Dallol Bosso, kwarin da Imanan da Filinge suke cikinsa, ba su rasa lokaci ba. Akwai asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, kuma ladan yana auna inuwa da tafin ƙafa ya san lokacin kiran salla. Wannan awo daidai yake ga garin da aka yi shi. Agogon hukuma kuwa wani lissafi ne daban. Nijar tana gaba da UTC da awa ɗaya, lokacin da ya dace da layi na 15 gabas da Greenwich, alhali Filinge da Bonkuku, babban garin Imanan, suna wajen layi na 3. Kowane layi minti huɗu ne. Ke nan rana ba ta yin tsaka a Bonkuku sai wajen ƙarfe ɗaya saura kwata, kuma mai azumi a Difa yakan riga na Filinge shan ruwa da fiye da rabin awa. Manomin dankali a fadamar Bonkuku bai damu da wannan giɓi ba. Wanda ya damu shi ne ɗan makaranta, da ma'aikacin gidan waya, da mai jiran motar Yamai, domin su ne aka ɗora wa lokacin da ba a iya karanta shi a inuwa.

Rediyo ce ta cike giɓin. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris 1957, Rediyon Nijar a 1958, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Daga 1962 ƙungiyoyin sauraron rediyo sun bazu a garuruwan Nijar, aka saba da taruwa a gindin akwati ɗaya. Mai agogon hannu yakan jira a faɗi lokaci ya murɗa nasa, ƴan unguwa su tambaye shi. Kuskuren bai wuce na sakan kaɗan ba, kuma ya wadatar da buƙatar zamanin. A ganina wannan shi ne aikin gajeren zango da aka fi mantawa da shi: ya haɗa ƙauyukan da ba su da waya ko lantarki da agogon duniya, ba tare da an biya ko dala ba.

Kwamfuta ta koyi sauraro

Agogon da ke cikin kwamfuta ɗan guntun dutsen kwaz ne mai kaɗawa sau 32,768 a sakan. An yanka shi ya yi daidai a zafin digiri 25. Idan zafi ya haura 40, kamar yadda yake yi a Filinge a watannin Afrilu da Mayu, sai ya riƙa jan ƙafa da kimanin sakan ɗaya a yini. Ga mutum wannan ba komai ba ne. Ga na'urorin da ke rubuta wane kuɗi ya riga wane shiga, babbar matsala ce.

Saboda haka tashoshin suka saka saƙon da na'ura za ta iya karantawa. WWV tana aika minti, awa, ranar shekara da shekarar kanta a ƙarƙashin wani gurnani mai haz 100, alama ɗaya kowane sakan. CHU ta zaɓi sautin modem, daga sakan na 31 zuwa na 39 na kowane minti. A 1983 kamfanin Heathkit ya fito da agogon GC-1000 mai kama WWV ya miƙa wa kwamfuta. David Mills na Jami'ar Delaware, wanda ya wallafa tsarin NTP a 1985 don raba lokaci ta intanet, ya rubuta manhajar da ke karɓar sautin rediyo ta katin sauti, ta tace shi daga cikin hayaniya.

Wahalar tana sama. Gajeren zango yana tafiya ne da tsalle tsakanin ƙasa da wani sashen sararin sama mai lantarki, wanda tsayinsa ke canjawa tsakanin dare da rana, shi ya sa mai sauraro ke sauya mita da yamma. Daga Fort Collins zuwa Filinge ya haura kilomita 10,000, tafiyar kusan kashi ɗaya cikin talatin na sakan, kuma jinkirin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Amurka ana iya cire shi a samu daidaito kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A Sahel siginar takan iso a galabaice. Mosko ta fi kusa da kusan rabi, amma RWM bugu kawai take aikawa, ba ta faɗin kwanan wata.

Halin yanzu

Tsarin taurarin GPS ya kammala a 1995, kuma kowane tauraro yana ɗauke da agogon atom. Wayar salula tana karɓar lokaci daga eriyar kamfani, kwamfuta daga NTP. Mai sayar da dankali a Bonkuku da ke karɓar kuɗi ta waya yana dogaro da wannan sarƙa ko bai sani ba, kuma idan eriya ta mutu na'urarsa takan koma kan ɗan dutsenta. Rediyon da ake saurare ta intanet ba ya gyara agogo, domin sautin yakan makara da sakan da dama. Ko wanda ya bi ta tauraron ɗan'adam zuwa FM yana makara da kimanin rubu'in sakan.

Tun 1972 an ƙara sakan 27 a UTC don ya tafi tare da juyawar duniya, na ƙarshe ranar 31 ga Disamba 2016. Ƙarin yana rikita kwamfutoci, don haka a 2022 babban taron awo na duniya ya yanke shawarar daina shi nan da 2035.