Masu Gida Ba Gida: Waiwaye Kan Kano Pillars

Duk mai sauraron wasan ƙwallo a rediyo, daga Anka har Gummi da Bukkuyum, ya san kirarin nan, Sai Masu Gida. To, bari mu waiwayi tarihin gidan.

An kafa Kano Pillars a 1990, aka gama kulob uku wuri guda, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Kadiri Ikhana ne kociyan da ya fara ciyo mata kofin lig a 2008. Baba Ganaru ya ciyo na 2012 da 2013, Okey Emordi ya ƙara na 2014. Kociya uku, kofi huɗu. Kujerar ba ta ɗumama wa kowa.

A ganina ƙarfin kulob ɗin yana filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Shekara 12 cur ba baƙon da ya kā da su a lig a Kano, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. Kociya ya zo ya tafi, 'yan kallo na nan daram.

Da annobar korona ta sauka a 2020 aka mai da filin wurin killace majinyata. Masu Gida suka koma 'yan haya a Kaduna, daga baya Abuja. A 2022 suka faɗo daga babban rukuni, abin da ko maƙiyi bai zata ba. Sai a 2023 suka sake hawa.