Shari'ar Madame Bovary: Laifin Marubucin da Ya Ƙi Yanke Hukunci

Ba kullum ne almakashin tace littafi yake fara fitowa daga hannun hukuma ba. Abin da ya sami Gustave Flaubert, marubucin ƙasar Faransa, ya ishe mu misali. Bayan ya shafe kusan shekara biyar yana rubuta Madame Bovary, wato labarin Emma, matar wani likitan ƙauye wadda ta ci amanar aure, bashi ya yi mata katutu har ta sha guba, sai mujallar Revue de Paris ta shiga buga shi kashi-kashi daga 1 ga Oktoba zuwa 15 ga Disamba, 1856.

Masu mujallar, cikinsu har da amininsa Maxime Du Camp, suna tsoron gwamnatin Napoleon na Uku, domin an san su da adawa. Saboda haka suka cire wurin da Emma da farkanta suka yi ta zaga garin Rouen cikin keken-doki a rufe. Flaubert ya fusata, ya sa aka buga sanarwa cewa guntaye kawai masu karatu suke gani. Duk da haka, gudun da aka yi bai hana a faɗa ramin ba. Ranar 29 ga Janairu, 1857, aka gurfanar da shi da shugaban mujallar da mai ɗab'inta, bisa zargin cin mutuncin addini da tarbiyyar jama'a.

Abin lura a nan shi ne hujjar lauyan gwamnati, Ernest Pinard. Babban ƙorafinsa shi ne babu ko mutum ɗaya cikin littafin da zai iya la'antar Emma, marubucin kuma ya yi gum. Lauyan Flaubert, Jules Sénard, ya amsa cewa mummunan ƙarshen Emma shi ne wa'azin. Ashe dukansu sun yarda cewa aikin ƙagaggen labari shi ne gyaran hali. Sun saɓa ne kawai kan ko wannan ya cika sharaɗin.

Ranar 7 ga Fabrairu kotu ta sallame su, amma tare da tsawatarwa. A watan Afrilu Michel Lévy ya fitar da littafin, shari'ar kuwa ta zame masa talla. A watan Agusta Pinard ɗin nan ya sa aka ci Baudelaire tara, aka soke waƙoƙinsa shida. A 1864 kuma Cocin Katolika ta sa Madame Bovary cikin jerin haramtattun littattafai.

Tambayar da Pinard ya tayar tana nan gaban manazarta: shin dole ne marubuci ya zama alƙalin taurarinsa, ko kuwa ya bar wa mai karatu hukuncin?