Kula da raunin tiyata domin rage tabo

Duk aikin tiyatar da aka yanka fata a cikinsa yana barin tabo. Abin da ake iya yi shi ne rage faɗinsa da tudunsa, kuma yawancin wannan ɗawainiya tana kan majinyaci ne bayan an sallame shi daga asibiti.

Jiki yana haɗe yankan ne da wani sinadari da ake kira kolajin. Makonni uku bayan aiki, ƙarfin wurin bai wuce kimanin kashi 20 cikin 100 na lafiyayyar fata ba, kuma ko ya warke sarai ba ya zarce kashi 80. Shi ya sa likitoci kan hana ɗaukar kaya masu nauyi har kimanin makonni shida, musamman ga matan da aka yi wa tiyatar haihuwa, domin jan fata yana buɗa tabon.

Danshi ko bushewa?

An daɗe ana ɗauka cewa rauni ya fi saurin warkewa idan aka bar shi ya sha iska ya yi ɓawo. A shekarar 1962 wani masanin Birtaniya, George Winter, ya nuna akasin haka: raunin da aka rufe, ya kasance da ɗan danshi, ya fi saurin yin sabuwar fata. Saboda haka, idan likita ya amince, wankewa da ruwa mai tsabta da sabulu, da shafa man basilin, da canja bandeji sun wadatar. Ɓantare ɓawo da sosa wurin illa ne, haka ma barbaɗa toka ko garin magani.

Bayan an cire zare kuma bakin raunin ya haɗe, akan liƙa fallen silikon na aƙalla awa 12 a kullum, tsawon wata biyu zuwa uku. A kuma kare wurin daga rana, domin tana ƙara masa duhu. Shan taba da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba suna jinkirta warkewa.

Akwai kuma tabon da ake kira kiloyid, wanda ke yin tudu yana ƙaiƙayi har ya zarce iyakar yankan. Ya fi samun masu baƙar fata, galibi a ƙirji, da kafaɗa, da kunne. Yanke shi kawai kan sa ya dawo, wani lokaci fiye da da, don haka akan haɗa da allurar da ake yi a cikin tabon. Wanda ya taɓa yin irinsa, ko yake da shi a dangi, ya kamata ya shaida wa likita tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Tabo kan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya lafa ya dushe. Amma zazzaɓi, ko mugunya, ko kumburin da ke ƙaruwa alamun shigar ƙwayoyin cuta ne, kuma suna bukatar komawa asibiti nan take.