Daga lalube zuwa gani: tarihin hoton ƙwaƙwalwa a ɗakin fiɗa

A shekarar 1884, a birnin Landan, likita Rickman Godlee ya buɗe ƙoƙon kan wani majinyaci domin ya cire tsiro daga ƙwaƙwalwarsa, ba shi da hoto ko ɗaya. Alamun ciwon kaɗai, farfaɗiya da shanyewar hannun hagu, suka nuna inda za a yanka. An sami tsiron, amma bayan makonni huɗu majinyacin ya rasu, raunin ya harbu.

Hasken da Röntgen ya gano a 1895 ƙashi yake nunawa, ban da ƙwaƙwalwa. A 1918 Walter Dandy ya shiga ɗura iska cikin kogunan ƙwaƙwalwa don inuwar tsiron ta fito, dabara mai azaba ƙwarai. Sai a 1971 na'urar sikana ta Godfrey Hounsfield ta ɗauki hoton majinyaciyar farko a Landan, IRM ta biyo baya.

Duk da haka tsiron da ake kira gliyobilastoma bai daina wahalar da likitoci ba, domin ba shi da iyaka bayyananniya. Saiwoyinsa na kutsawa cikin lafiyayyen nama. In an rage yanka ya dawo, in an zarce mutum ya rasa magana ko motsi. Ga shi kuma da an buɗe kai ƙwaƙwalwa na gusawa, hoton jiya ya daina dacewa. Shi ya sa a shekarun 1990 aka shigar da IRM ɗakin fiɗa a Boston. A 2006 wani bincike na Jamus ya nuna cewa maganin 5-ALA, mai sa tsiron ƙyalli ƙarƙashin shuɗin haske, ya ɗaga nasarar cire duk abin da hoto ke nunawa daga kashi 36 zuwa 65 cikin ɗari. Amma rabin majinyata, ko da cikakken magani, ba sa wuce kimanin watanni 15.