Tafiya Makka da Ƙafa daga Ƙasar Jega

Kafin mota da jirgin sama, mutumin Kuberi ko Aliero ko Maiyama in ya ɗaura niyyar hajji, ba watan Zulhajji ya ke dubawa ba, sai ya dubi gonarsa. Dalili kuwa shi ne, watan hajji zagayawa ya ke yi, kowace shekara ya kan matso da kwana 11, amma damina da rani ba su kauce wa lokacinsu. Daga Jega zuwa bakin Bahar Maliya ya fi mil 2,000, ba mai cinye wannan a shekara guda da ƙafa, balle ga mata da yara da jaki. Saboda haka sai an yi girbi, an biya bashi, an yi sallama da dangi irin sallamar da ba a sa ran komowa, sa'an nan a shiga kasuwar Jega a nemi ayarin da za shi Kano.

Mutanen da can sun fi bin hamada, ta Agadas da Fezzan zuwa Masar. Hanyar gabas ita ce ta talakawa, don akwai garuruwa da rijiyoyi a kanta. Ita ce Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya nufa a 1807, da ransa ya ɓaci da halin wasu jama'arsa, amma mutanen Kano suka tsai da shi, ya koyar da su, ya komo Gwandu bai ga Makka ba.

Daga Kano a kan bi ta Borno, a haye kogin Shari a Kusuri, a shiga Wadai, a wuce Abeshe zuwa Fashir ta ƙasar Darfur. A nan ne lissafin lokaci ya ke zama abin rai da mutuwa. Ƙasar da ke kudu da tafkin Cadi laka ce baƙa, da ruwa ya sauka ko jaki ba ya ratsa ta. Wanda kuma ya yi nawa har bazara ta riske shi tsakanin Darfur da Kordofan, ya tarad da rijiyoyi sun ƙafe, ruwa sai na saye. Don haka da dare a ke tafiya, da hantsi a nemi inuwa. In hadari ya fara haɗuwa, duk inda ayari ya ke nan zai sauka, a roƙi aron gona wurin sarkin gari, a yi noma, a jira wata kaka.

Guzuri ba ya kai mutum ko rabin hanya. Sana'a ita ce guzurin gaskiya. Wanzami ya yi aski, baduku ya yi ɗinki, malami ya yi rubutun sha, mata su yi fura da ƙosai. Mutumin Aliero da ya gaji ɗori kuwa, ai ba ya kwana da yunwa a kan hanyar da jakuna da raƙuma ke ka da mutane kullum. Ta haka tafiya ta kan ci shekara biyar, ko bakwai, ko fiye. Yaron da aka goya daga gida ya kan isa Makka yana ɗaukar kaya.

A 1903, da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya kama wannan hanya, jama'a masu yawa suka bi shi. Aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar, suka kafa garin da har yanzu a ke kira Mai Wurno. Garin nan ya zama zango ga na baya. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin tsinkar auduga ya samu, alhazai suka riƙa tara kuɗin jirgi da shi. Da yawa kuma audugar ce ta riƙe su, kullum ana cewa baɗi za a haye, har aka haifi jikoki.

A Sawakin a ke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, bayan an yi allura an tsare mutum kwanaki don gudun annoba. Marasa takarda su kan biya masu kwalekwale su haye da su a ɓoye cikin dare, wani lokaci a zubar da su a gaɓar da ba ruwa ba gari. Wanda ya tsira ya yi hajji, sauran ziyara. Talakan Takari, don haka a ke kiran mutanenmu a can, da ƙafa ya kan tafi Madina, ya bi gefen teku ta Rabig, ga ruwa iyakar ganinsa amma ba na sha ba, sa'an nan ya karkata cikin duwatsu. Akwai kuma mugayen da ke sace yaran matafiya su sayar, don ba a hana bauta a ƙasar Makka ba sai 1962.

A gida kuwa mata na zaune ba labari. Shari'a ta ba matar wanda ya ɓace damar kai ƙara gaban alƙali, a yanka mata shekara huɗu, in ba a ji ɗuriyarsa ba ta yi idda ta yi aure. Gona da gado kuma su tsaya cik, ba a san ko a raba ko a jira ba.

A ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano suka kafa ƙungiyar kai alhazai da manyan motoci, wadda unguwar Wapa ta Fagge ta ci sunanta. Cikin shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗiban alhazai daga Kano, ayarin ƙafa ya yi ta raguwa. Yau maniyyatan Jega da Aliero da Maiyama daga Birnin Kebbi su ke tashi, su sauka ƙasa mai tsarki a yinin nan. Zuriyar waɗanda suka tsaya a hanya kuwa suna Sudan, da Hausarsu, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sake tayar da da yawa daga cikinsu daga gidajensu.